Dala Biyu a Kasuwar Asabar

Laraba, 3 ga Yuli

Sun sauka! 'Yata Nga da jikata Teuira, daga Brisbane ta ƙasar Ostareliya. Shekarar yarinyar biyar, sai yau na fara ɗaukarta. Na rataya mata furanni har suka rufe mata baki. Na yi kuka a filin jirgi, kowa na kallo, ko a jikina.

Jikar fari ta kakanni ce, haka muka taras a nan tsibirinmu na Rarotonga. Ni ma kakata ce ta riƙe ni. Lahadi ta sama, bayan coci, zan roƙi Nga ta bar mini ita. A gaban dangi ba za ta iya cewa a'a ba.

Juma'a, 5 ga Yuli

Na rubuta sunan Teuira a ƙofar ƙaramin ɗaki. Sau huɗu na gwada a takarda tukuna. Wanda ya fara riƙe biro a ajin yamma yana ɗan shekara hamsin, ai sai a hankali.

Asabar, 6 ga Yuli

Kasuwa. Ruwa tun asuba, motocin otal biyu kacal suka kawo baƙi. Rumfunan layinmu rabi a rufe, masu su sun tafi New Zealand neman aiki. Yara na rawa a dandamali cikin ruwan, suna makyarkyata, baƙi na jefa musu sulalla a kwano.

Akaiti mai furanni ta ga Teuira zaune kan tulin kwakwata, ta ce, "Tsoho, ka samo 'yar talla ke nan?" Na ce mata bakinki ya fi kifin jiya wari.

Talata, 9 ga Yuli

Teuira ta ce mini Papa. Da kanta, ba wanda ya sa ta.

Asabar, 13 ga Yuli

Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya, kasuwa ta cika maƙil. Na sa wa Teuira kambun furanni da siket ɗin ganye, don kawai ta yi kyau. Allah ya sani don ta yi kyau ne.

Ina fasa kwakwa sai wata Baturiya ta sungume ta, ta ɗora a cinya, mijinta ya saita waya. Ya tambaye ni nawa ne hoto. Na ce dala biyu.

Bakina ne ya faɗa. Shekara ashirin ina faɗin haka idan za a ɗauke ni hoto da adda a hannu. Kafin in ankara wasu uku sun yi layi. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ni kawai take kallo.

Nga na bayana riƙe da kwanon ɗanyen kifi. "Papa, nawa ka ce?" Abin da ta faɗa ke nan. Ta ɗauki 'yarta.

Ko Akaiti ba ta yi tsiya ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Dangi sun taru, an ci gwaza da naman alade. Ƙanena Tutai ya yi ta zungurina, "Yaya, yi maganar mana." Nga ta sunkuyar da kai tana jira. Da na roƙa, da ta bayar, na ga alama.

Na miƙe, na yi addu'a, na zauna.

Alhamis, 18 ga Yuli

Sun tafi. Ban roƙa ba. Mantuwa ce, ina jin.

Asabar, 20 ga Yuli

Ciniki ba laifi. Wani ya ɗaga waya zai ɗauke ni, na juya masa baya. Akaiti ta ce, "Ah, tsoho ya yi arziki!" Na ce rana ce ke damun idona.

Da hadari aka wuni.