Yatsu Ukun Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware, har ta koma yi mana faɗan barin ƙofa a buɗe, kin ga kuwa sauƙi ya samu.

Yaya, takaici ne ya sa na ɗauki biro, kuma a kan Auta ne da shagon Baba, Allah ya jiƙansa. Kin tuna yadda Baba yake ɗinka wandon yaro. Sai ya naɗe yatsu uku na yadi a cikin kalmasar ƙafa, don in yaron ya ƙara tsawo a farke a sake masa. Muna tsokanarsa wai ɓarnar yadi yake yi, ko kallonmu ba ya yi. 'Yar lambar nan mai sunansa kuwa, ba ya ɗinka ta a ƙugu sai ya sa yatsunsa ya auna.

To, tun da Auta ya karɓi shagon, keken ɗinkin ya zama wurin ajiye kofin shayi. Dila yake sayowa ta ɗinkakkun kaya masu warin roba, ya zauna ya cire lambarsu, ya maƙala ta Baba daga naɗin da ya rage a aljihun tebur. Na yi magana, ya ce wai zamani ne, ni ce ban waye ba.

Ranar Talata ina shagon, shi ba ya nan, sai ga tsohuwar malamarmu ta firamare da wandon jikanta. Ta ce ya ɗage masa, a saki yatsu ukun nan. Na ɗauko reza da murnata na farke. Yaya, babu komai! Ko faɗin farce babu, da gam ma aka liƙe bakin. Ta juya ƙugun ta karanta sunan Baba, ta ce ashe shi ma marigayin ya koyi ha'inci kafin ya tafi. Na rantse mata ba ɗinkinsa ba ne. Ta gyaɗa kai kawai, irin gyaɗawar da ake wa 'ya mai kare ubanta. Mutumin da ya shekara talatin yana sunkuye a kan keke, yau shi ake kira maha'inci yana kwance a kabari.

Tana fita na kwashe naɗin lambar gaba ɗaya, shi ne a cikin ƙunshin nan. Ki ɓoye shi. Auta ya birkice shagon yana nema, na ce masa ni na ɗauka, ya sa sunansa a kan tarkacensa in yana da fuskar yin haka. Zai kira ki da muryar tausayin nan tasa, don Allah kada ki yi masa laushin da kika saba.

Lamba ɗaya tak na rage a wurina. Na share keken na zuba masa mai, ina ɗinka wa jikan Malama sabon wando. Yatsuna ba su kai na Baba kauri ba, don haka huɗu zan naɗe.

Ki gaida maigidan da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ki.

Taki ƙanwa,
Mai Almakashi