Kwamfutar Hafsatu da Zauren Baba

Zuwa ga ƙanena Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Hajiya Binta da yara? Mu nan Gammo kowa lafiya, gero ya yi kyau, alhamdu lillahi.

Labarin 'yarka Hafsatu zan ba ka. Ta ƙi sayen haɗaɗɗiyar kwamfuta don karatunta na zanen gine-gine, wai kayan ciki za ta zaɓo ɗaya bayan ɗaya ta haɗa da hannunta. Na raka ta Kano. Mai shago ya fito da katin hoto mafi ƙarfi, wato abin da ke fitar da zane a fuskar kwamfuta, na ce ta ɗauka mu huta. Sai ta ce, "Baba, ka taɓa ɗaura ƙaton sa da maraƙi a garma ɗaya? In katin ya fi ƙwaƙwalwar kwamfutar ƙarfi, huɗar karkacewa za ta yi." Na bar ta ta zaɓi nata.

Ranar Asabar ta ɗaure noti na ƙarshe, ta kunna, fankoki suka juya. Na zaci wasan tseren motocin nan nata za ta sa. Sale, gidan marigayi Babanmu na Kara ta buɗe min a fuskar kwamfutar, wanda ruwa ya cinye! Daga tsofaffin hotunanka ta gina shi. Ga zaure, ga rumbu, har ƙusar da yake rataye sandarsa. Wallahi ban san lokacin da na yi sallama ba.

Ka sa ta a addu'a, ka yi wa Baba ma. Ka gaida Hajiya da yara. In ka zo da sallah, zan kai ka gida.

Yayanka,
Garba