Sakatar da Ban Sa Hannu Na Rufe Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaro na unguwarmu, a garin Rano.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran dattawan kwamiti, ina neman afuwa da na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a. Da na so, da na aiko da takarda a ninke an miƙa maka a zaure. Amma maganar da nake son gyarawa a gaban mutane na faɗe ta, kuma a kanta kuka gina hukunci, don haka gyaran ma a gaban mutane ya kamata a yi shi.

Ni ce Hajara, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, matar Alhaji Nasiru mai hatsi, wadda karen gidanta ya ciji Dije mai nono makonni uku da suka wuce. Ƙorafina a kan hukuncin da kwamiti ya yanke ne, cewa duk wani kare irin wanda ake kira karen 'yan sanda a fitar da shi daga unguwa kafin Asabar mai zuwa, in ba haka ba 'yan sintiri su kashe shi. Ƙorafi ne mai wuyar rubutawa, domin wadda ta fi kowa laifi a cikinsa ita ce ke riƙe da alƙalamin.

Na ɗaya. Hukuncin yana da faɗi a takarda, har ana cewa an kawar da jinsi guda daga unguwa. Na zauna na ƙirga. Namu an kashe shi tun ranar da abin ya faru. Wanda ya rage a duk faɗin unguwar nan guda ɗaya ne tak, wato Duna, karyar Malam Sule, tsohon mai gadin firamare da ke zaune shi kaɗai a gidan ƙarshe, hanyar Saji. Ke nan dattawa goma sha wani abu suka zauna tun daga la'asar har magariba suka yi wa karya ɗaya doka, karyar da ba ta taɓa cizon kowa ba.

Ya kamata ku san cewa Duna da karenmu uwarsu ɗaya, haihuwa ɗaya. Maigidana ne ya kawo su daga Kano suna 'yan kwikwiyo, shekara uku ke nan, bayan an haura mana katanga an kwashe raguna. Ya riƙe namijin, ya ba Malam Sule macen saboda shi ma yana kiwon tumaki. A jami'a mun sha wahala kafin mu haɗa gwaji mai kyau irin wannan: jini ɗaya, gida biyu, a ga abin da zai fito. Allah ya haɗa mana shi a unguwa kyauta, ba wanda ya duba sakamakon.

Na biyu. Ga yadda muka yi kiwon namu. Wani da aka ce ya san kan karnuka ya ba maigidana shawara, muka bi ta sau da ƙafa. Kada kare ya saba da mutane, in ya saba ya lalace. Don haka aka ƙera masa keji na ƙarfe da rufin kwano a bayan ɗakin girki, aka lulluɓe shi da buhuna don kada ya ga masu shige da fice. Abinci sau ɗaya a rana, don yunwa ta kaifafa shi. A riƙa barbaɗa masa barkono a tuwo, wai yana ƙara zafin zuciya. Ba mai kiran sunansa, ba mai taɓa shi. Maigida ya sake shi bayan an rufe ƙofa, ya mayar da shi da asuba.

Na yi dariyar maganar barkonon nan, har na ba abokan aikina labari a ɗakin malamai muka yi ta raha. Sannan na dawo gida na daka barkonon da hannuna. A watan zafi, lokacin da ni kaina ba na iya taka simintin tsakar gida ba takalmi, ina jin hakinsa daga ɗakin girki, sai in ƙara muryar rediyo. Da safe in tafi aji in koya wa 'yan mata cewa dabba tana jin zafi da ƙishi da tsoro, in ba su maki idan sun maimaita daidai.

Malam Sule bai yi boko ba, kuma ba wanda ya ba shi shawarar masana. Duna tana kwana a bakin garkensa, tana bin tumakinsa kiwo, tana dawowa da su. Matan da ke zuwa rijiyar bayan gidansa suna wucewa ta gabanta, iyakarta ta ɗaga kai ta mayar. Yana da kwanonta daban, yana wanke hannunsa idan ya gama da ita, ya tafi masallaci ya tsaya a sahun gaba. Tun da ta girma ba a sake taɓa masa ko ɗan rago ba, kuma idonsa ya yi rauni, ita ce ke sanar da shi idan baƙo ya tunkaro.

Na uku. Abin da ya faru ranar. Maigida ya tafi kasuwar Kibiya tun da sassafe. Da hantsi Dije ta yi sallama ta shigo, kamar yadda take shigowa shekara da shekaru, ta sauke ƙwaryarta a gindin mangwaro ta fara auna mini nono. Na riga na yi alwala zan yi walaha, sai na tuna ba a sa wa karen ruwa ba. Na ce mata ina zuwa.

Sakatar kejin nan sai an ɗaga ta da hannu a tura ta shige raminta. Kullum tana jiƙe da yawun karen, saboda yana lasarta ta tsakanin ƙarafa. Ni kuwa ina da alwala, ga zanen salla a jikina. Sai na ɗauki tsohuwar muciya na zare sakatar da ita, na tura kwanon ruwan da ita, na maida ƙofar da ita, na zunguri sakatar da bakinta. Na ji ta yi ƙara. Na yanke wa kaina hukuncin cewa ta shiga, ban sunkuya na duba ba, don ban son numfashinsa ya taɓa mini fuska. Ina raka'a ta biyu na ji ihun Dije.

Ba zan kwatanta abin da na fito na gani ba. Hannunta na dama ne, wanda take tatsa da shi, take dama fura da shi. An yi mata ɗinki, an yi mata alluran cizon kare, har yau ba ta iya ɗaga ƙwarya zuwa kanta.

Kada wani ya ɗora wa addini wannan. Tun ina Islamiyya na san taɓa sakata ba ya karya alwala, iyaka mutum ya wanke hannunsa, kuma buta tana nan taku uku daga inda nake tsaye. Ƙyama ce kawai, na yafa mata mayafin tsarki. Na yarda dabba ta tsare mini dukiya shekara uku, ban yarda in taɓa ƙarfen da ta lasa ba.

Na huɗu. Abin da na faɗa wa kwamiti. Da kuka zo zaurenmu, ina daga bayan ƙofa, kai da kanka ka tambaye ni yadda aka yi ya fita. Na ce da ƙarfinsa ya ɓalle sakatar. Na ƙara da cewa irin wannan jinsi an san shi da haka, a jininsa yake, ko an yi masa tarbiyya wata rana sai ya juya. Na faɗi wannan da muryar da nake koyarwa da ita, na jefa kalmar Turanci ɗaya ko biyu don ta zauna. Na ji wani dattijo yana cewa tunda Malama ta faɗa ai an gama, ita ta karanta abin. Ban karanta wannan a ko'ina ba. A tsaye a bayan ƙofar na ƙirƙire shi, saboda ya fi sauƙin faɗa a kan maganar muciya.

A nan ne nake da ƙorafi a kanku, ranka ya daɗe, duk da na san bakina bai cancanci ya yi shi ba. Daga zaurenmu zuwa kejin nan bai kai taku ashirin ba. Ba wanda ya ce a nuna masa sakatar da aka ce an ɓalle. Tana nan har gobe, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ba wanda ya ɗaga buhun ya ga inda dabbar ta rayu. Ba wanda ya taka zuwa gidan Malam Sule ya ga Duna kafin a sa ta a doka. An sha ruwan sanyi, an yi wa maigida jaje kamar shi aka ciza, aka ce ƙaddara ce, aka tashi. Da a gidan talaka abin ya faru, ina kyautata zaton da an duba sakatar.

Na biyar. Ranar Talatar da ta wuce na je rugar su Dije, bayan Rurum Tsohon Gari. Na shirya jawabi tun a cikin adaidaita, yadda zan fara, inda zan yi shiru. Na same ta a inuwa, hannun a naɗe, tana nuna wa ƙanwarta yadda ake kaɗa man shanu ba tare da ta iya taɓawa ba. Na fara ba ta labarin sakatar, sai ta tare ni. Ta ce, “Malama, ai na gani. Na ga ba ki sa hannu ba. Na so in ce ki duba, sai na ga gidanki ne, kuma kina sauri za ki yi salla.” Na tambaye ta me ya sa da kwamiti ya aika mata ba ta faɗa ba. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, “Shekara nawa ina shan ruwan randarki? In tona ki a gaban maza?” Sannan ta sa aka dama mini fura, ta ce in sha, hanya da nisa.

Na sha. Ban san abin da ya fi wannan furar wuyar haɗiya ba a rayuwata. Makonni uku ina tsammanin ni ce ke riƙe da sirri, ashe wadda karena ya yaga wa hannu ce ke rufa mini asiri.

Na shida. Ba na cewa duk karnuka ɗaya ne. Babban kare mai faɗin muƙamuƙi idan ya yi cizo, ɓarnarsa ba irin ta ɗan karen bola ba ce, kuma hannun Dije shaida ne. Wanda ya ce girman dabba da ƙarfinta ba su da muhimmanci bai ga abin da na gani ba. Amma wannan hujja ce a kan mai kare, cewa wanda ya ajiye irin wannan dabba nauyin da ke kansa ya fi na kowa. Mu mun ɗauki dabba mai ƙarfi, muka kulle ta a duhu da zafi da yunwa, muka hana ta sanin fuskar mutum, da niyyar ta zama muguwa. Ta zama. Ranar da ta yi aikin da muka koya mata a kan wadda ba mu nufa ba, sai muka ce jininta ne. Kuma gidajenmu gidaje ne da mace ke shiga da sallama kawai, mai kitso da mai nono da maƙwabciya mai neman garwashi. Duk wanda ya ajiye irin kejinmu a irin gidajen nan, rana kawai yake jira, ko da karen nasa ɗan ƙauye ne.

An gaya mini da 'yan sintiri suka kai wa Malam Sule saƙonku, bai yi musu ba. Cewa ya yi in hukuma ta ce haka shi ke nan, ba shi da inda zai kai ta, amma a yi masa alfarma a faɗa masa lokacin da za a zo, ya kora tumakinsa ya yi nisa, don ba zai iya tsayawa ya gani ba. Wannan dattijo shi ne ya fara zuwa yi mana jaje, yana dogara sanda.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A dakatar da hukuncin Asabar. A tura dattawa biyu su wuni a ƙofar gidan Malam Sule su ga Duna da idonsu, sannan su zo gidanmu su ga keji da sakata.

A soke maganar da na faɗa a zaure daga duk inda aka rubuta ta, a karanta wannan takarda a madadinta, da sunana a jiki.

Idan za a yi doka, a yi ta a kan masu karnuka: inuwa da ruwa da abinci, allurar riga-kafi, makulli na gaske, da sanarwa a bakin ƙofa. A hana kulle kare a duhu don ya haukace. A fara da duba gidajen masu hali, don a nan irin wannan keji yake.

Haƙƙin Dije kuwa tsakanina da ita ne da Allah. Na sanar da maigidana komai kafin in rubuta wannan, kuma mun ɗauki nauyin abin da ya hau kanmu har hannun ya warke.

Idan kuma bayan duk wannan kwamiti ya ga ba zai janye ba, to ina da roƙo na ƙarshe. Kada a aika 'yan sintiri su faɗa wa Malam Sule lokaci. A aiko mini, ni zan je in durƙusa in faɗa masa, in kuma faɗa masa dalili, domin har yanzu yana tsammanin laifin karyarsa ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan na kusa ne, ya ba Dije lafiya, ya yafe mini abin da na yi wa dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Wassalam.

Hajara, matar Alhaji Nasiru mai hatsi, Rano.