Tsiron da Inna Ta Bari a Gindin Randa

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Lahadi, 18 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Yayana Tijjani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya ƙalau, kai da iyalinka duka a can Kalaba. Allah Ya ƙara wa kunnen nan naka sauƙi. Tun da ya fara ba ka matsala, magana da kai a waya ta zama aiki ja: ina tsakar gida ina ta ɗaga murya har maƙwabta su san abin da muka dafa, kai kuwa sai tambayata kake me na ce. Shi ya sa yau na ɗauki biro, don maganar da ke bakina ba ta ihu ba ce.

Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Gwiwar Malam Lawan ta yi sauƙi, har ya koma taka ƙafa zuwa masallaci, sai dai har yanzu yana gardama da ni a kan shan magani kamar ba ma'aikaciyar jinya ya aura ba. Ɗanmu Mukhtar ya tare da iyalinsa a Darmanawa tun bayan Babbar Salla. Ni kuma ina nan ina ta fama da aikin asibiti, saura mini shekara ɗaya in yi ritaya in Allah Ya kai mu. Amma labarin yau na ƙanwarsa ne, 'yarka Basira, wadda ka taɓa yi wa tsiya cewa ta tafi jami'a karatun ciyawa. Ka gyara zama, don da ita da Inna, Allah Ya jiƙanta, duk suna cikin zancen.

Ka tuna ɗan tsiron nan na gindin randa? Mai kara kusurwa huɗu, ba ganye, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, wanda Inna ta tono da cokali a gefen wani dutse lokacin da ka ɗauko ta a a-kori-kurarka daga ta'aziyya a Damagaram. Kai da bakinka ka ba mu labarin yadda ta sa ka tsaya da rana tsaka, kana ta mita, ta sa shi a gwangwanin tumatir ta rungumo shi har Kano. Kai ne kuma ka yanke hukuncin cewa 'yar ƙerana ce, ka ce duk yaron da ya taɓa ta nononta ya shiga idonsa ya makance. Shekara talatin 'ya'yanmu suna kewaye wurin kamar akwai kunama. Da Inna ta rasu, shekara tara ke nan, aka raba 'yan kayanta, tufafi suka tsufa, kwanuka suka ɓace a gidajen biki. Tsiron nan ne kaɗai abin da hannunta ya taɓa wanda har yanzu yake da rai. Na ɗauke shi na kawo gidana, na ajiye shi a inuwa kusa da randata, kullum na ɗebi ruwa sai na ɗan zuba masa. Inna takan yi wata ba ta tuna da shi ba, ni kuwa a ganina gata nake yi masa.

Bayan daminar bara sai na ga gindinsa ya yi rawaya, ya yi taushi, in ka danna yatsa sai ya lotsa. Hankalina ya tashi, na ƙara masa ruwa. Da Basira ta zo hutun ƙarshen mako ta duba, sai ta ce mini ruɓewa yake yi, kuma ruwana ne yake kashe shi. Ta ce irin waɗannan ƙananan tsirrai na ƙasa mai fari a cikin karansu suke ajiye ruwa, shi ya sa suka yi kauri suka bar ganye, kuma tushensu bai iya zama a laima ba. Ta ce in ba a yanke ba, kafin wata guda ya tafi gaba ɗaya. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ni da na shekara ashirin da tara ina ƙara wa marasa lafiya ruwa suna miƙewa, yau yarinyar da na goya za ta ce mini ruwa cuta ne? Ba ta ja da ni ba. Ta ce in shinshina gindin. Na shinshina, na kuwa san warin nan sarai, mun saba jin sa a ƙafar mai ciwon suga da ya makara zuwa asibiti. Na miƙa mata reza, na juya baya.

Reshe uku kacal ta iya ceta. Abin da ya fi ba ni haushi, ko dasawa ba ta yi ba. Ta shimfiɗa su a kan tsohuwar jarida a bayan ƙofa har kwana goma sha biyu, wai sai bakin yankan ya bushe. Kayan Inna a yashe sai ka ce kuɓewar da aka manta! Daga baya ta haɗa yashi mai tsakuwa da farfasasshen bulo, ta huda gindin gwangwanaye uku, ta kafa su, ta jera a kan katangar da ta raba mu da gidan maƙwabciyarmu Florence, inda rana take wuni. Ta roƙe ni kada in zuba ko ɗigo, ita za ta riƙa ɗan yayyafa musu in ta zo. Na yi mata alkawari.

To, ga inda zan tona wa kaina asiri, don gara ka ji daga bakina. Da bazara ta kama, zafin Kano ka san shi, sai rassan suka koma ja-ja, ɗaya ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Kullum na dawo daga aiki na ɗaga ido na gan shi sai in ji kamar Inna na bari da ƙishirwa. Ran nan da azahar na kasa daurewa. Na ɗauko sirinji a jakata, na taka kujera, na ɗan tsiyaya masa ruwa a gindi, ina cewa a raina wannan ai ba zubawa ba ne, magani ne a kan ƙa'ida. Haka na riƙa yi kullum har kusan mako uku. Wata Asabar Basira ta zo, ta taɓa shi kawai ya faɗo, gindin ya zama baƙi. Ta tura yatsa a cikin yashin, ta ji laima, ta dube ni. Wallahi da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Idonta ne ya ciko, ta ce mini a hankali saura biyu, kuma ita ma kakarta ce. Na yi tsuru-tsuru a tsakar gidana kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Na shiga ɗaki na ɗauko sirinjin na ba ta, ban sake taka kujerar nan ba.

Wata biyu na yi ina wucewa ta gindin katangar kaina a ƙasa. Sai da aka yi ruwan farko da na biyu, wata safiya Florence ta leƙo. Ka san ta, matar Obiechina mai shagon kayan mota a Tarauni, a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ce tun jiya take neman mushen ɓera a gidanta, ta ɗaga buhuna ta share lungu ba ta ga komai ba, sai yanzu ta lura ƙudaje a kan katangarmu suke taruwa. Na ce shi ke nan, sauran biyun ma sun ruɓe. Na leƙa ina salati. Yaya, ashe fure ne! Ɗaya daga cikin rassan ya yi tsiro siriri a ka, ga 'yan furanni ƙanana jawur masu duhu suna reto, kowanne da fiffike biyar kamar tauraro, da wani gashi-gashi mai rawa ko iska kaɗan ta taɓa shi. Shekara talatin ba wanda ya taɓa ganin furensa, har Inna. Ni da Florence muka tsaya muna toshe hanci muna dariya, ni dariyar tawa da hawaye.

Da Basira ta iso ko mayafi ba ta cire ba. Ta ɗauko ɗan madubinta mai ƙara girman abu, ta zaunar da mu ta yi mana karatu. Ta ce warin da gangan ne, da shi furen yake yaudarar ƙuda ya zo ya kwashi garinsa ya kai wa wani furen, kamar yadda ƙudan zuma yake yi wa furanni masu ƙamshi. Ta ce masana ba da siffar jiki suke raba tsirrai dangi-dangi ba, don duk tsiron da ya daɗe a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci yakan koma mai kauri mara ganye, sai ka ga biyu sun yi kama alhali ba su haɗa komai ba. Fure da ɗa su ne suke faɗin asali. Daga nan ta ce in gaya maka, da ladabi, ba ƙerana ba ce. Karan masallaci ne. Ƙerana tana da ƙaya da farin nono mai ƙuna, wannan kuwa ruwan jikinsa garau yake, haƙoran gefensa ma ba sa suka. Wai kuma ɗan'uwan tumfafiya ne, wadda ta cika kowane kango a garin nan.

Nan na ce na kama ta. Na ce ai tumfafiya ma nono gare ta fari fat, ga ganye fato-fato, ta yaya za ta zama dangin wannan ba dangin ƙerana ba? Ta yi murmushi ta ce shi ya sa ba a yanke hukunci da nono kaɗai, in jira ɗan ya fito. Na jira kuwa. Bayan makonni sai ga 'ya'ya biyu dogaye a haɗe kamar ƙahon ɗan akuya. Ranar Talatar da ta wuce ɗaya ya tsage, iri ya fito kowanne da farin gashinsa kamar auduga, yana tashi a iska, sak irin wanda muke hurawa daga ɗan tumfafiya muna yara. Malam Lawan ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin an rufe mini baki da hujja ba sai ranar.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, kaina ya yi girma. Na so yarinyar nan ta bi sawuna ta yi aikin jinya, na yi fushi da ta ƙi, har na yi shekara guda in an tambaye ni abin da take karanta sai in ce kimiyya kawai in kau da zancen. Yanzu kuwa duk wanda ya shigo gidan nan sai na ja shi gindin katanga, ko yana so ko ba ya so. Abokan aikina sun gaji da ni. Abin da na kusa kashewa da ƙauna ita ta raya shi da sani, kuma ta yi mini haka ba tare da ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ina alfahari da ita, kuma na faɗa mata a gaban mahaifinta.

Yanzu ga dalilin takardar. Basira ta yanki ɗan reshe mai fure, wannan karon ni na riƙe mata gwangwanin, ta matse shi a tsakanin jaridu ya bushe, ta manna a farar takarda mai kauri. Malaminta ya ce za a ajiye shi a ɗakin adana busassun tsirrai na makarantarsu, inda ɗalibai za su riƙa dubawa ko bayan ba mu. Ya ce karan masallaci iri-iri ne masu kama da juna, kuma takardar da ba ta faɗi inda aka samo tsiro ba amfaninta kaɗan ne. A ƙasan takardar akwai layi biyu. Na farko sunan wanda ya samo, Basira ta riga ta cike: Yalwa Audu. Inna, wadda har ta koma ga Allah da dangwala yatsa take sa hannu, ga sunanta an rubuta a jami'a. Da na gani sai da na nemi wuri na zauna. Layi na biyu kuwa, wurin da aka samo, babu komai a kai. Mutum biyu ne suka tsaya a gindin dutsen nan, saura kai kaɗai. Don Allah ka zauna ka tuno: kafin iyaka ne ko bayanta, wane ƙauye ne kusa, dutsen yana hannun dama ko hagu in ana tahowa Kano, kuma wane wata ne. Ko kaɗan ka tuna, ka rubuto, kada ka ce sai ka tabbata.

Obiechina zai taho Kalaba sarin kaya, shi zai kawo maka takardar nan tare da ƙaramin kwali. Reshe na biyu ne a ciki, naka ne, don kai ka sha ranar ɗauko shi. Da uku ne da na ba Mukhtar ɗaya, amma ka san inda na ukun ya tafi. Ka sa shi inda rana take samunsa, ruwan saman garinku kuma ba ya dukansa, kuma ka ja kunnen mutanen gidanka. In ka ga ya yamutse tausayi ya kama ka, ka tuna da ni da sirinjina, ka mai da hannunka aljihu.

Ka gaishe mini da Yaya Asabe da kyau, da Sadiq da Ashiru da matansu da yara duka. Malam Lawan yana gaishe ka, Mukhtar ma haka, Florence ta ce a gaishe da direban Inna. Basira tana durƙusawa tana gaida Kawunta, ta ce ba za ta miƙa takardar ba sai amsarka ta iso, ta bar layin a buɗe. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ummulkhairi