Baffa Ya Ce Musu Lafiya Lau

Assalamu alaikum Yaya Buba,

Ina fatan kana lafiya, kai da Adda Hauwa da yara. Ya zaman Ikko? Inna na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Yaya, a tsorace nake. Har yau ruwa bai sauka ba, ciyawa ta ƙare ƙaf. Masu agajin da suka raba mana dusa kwanaki sun dawo daga Daura, su ga wa za a ƙara wa. Wata mata a cikinsu ta tambayi Baffa, "Baba, ya dabbobi? An yi asara?"

Ka san Baffa, ba ya kai kuka gaban baƙo. Ya ce, "Lafiya lau, sai godiya." Ina bayan zana kamar in yi ihu, don a lokacin mushe na bayan ruga, ungulu a kai. Ita kuwa matar ta ɗauka amsa ce, ba gaisuwa ba. Har ya sa aka kawo musu ɗan nonon da ya rage, suka sha suka yaba.

Jiya motar dusa ta wuce mu ta sauke a rugar gaba. Jar saniyarka yanzu sai mun taru mun ɗaga ta. Baffa ya daina cin abinci, yana wuni kusa da ita.

A sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Don Allah ka kira Baffa, ya je Daura wurin masu agajin ya faɗa musu gaskiya. Idan ya ce maka lafiya lau, kada ka yarda.

Ƙanwarka,
Dije