Kofin da Yayarki Ta Riƙe Miki

Ya ke sanyin idona, kurciyata mai tafiya a hankali, ruwan farko a kan ƙasar da rana ta gasa,

Ki yi haƙuri da rubutuna. Hannun mai faci ne, ya fi sabawa da taya da gam a kan biro. Amma abin da na gani ranar Lahadi ya ƙi zama a ƙirjina, dole in zubo miki shi.

Kin san ni nake zagayawa da farantin kofunan tunawa da jinin Yesu ranar Jibin Ubangiji, ni kuma nake wanke su in an tashi. Tun ranar da kika durƙusa gaban iyayenki kika ce ƙarya kika yi wa yayarki, ba ki taɓa ganinta a motar wani namiji ba, hassada ce kawai, ga shi har an fasa aurenta, tun ranar ba ki ƙara ɗaukar kofi ba. In farantin ya iso gabanki sai ki karɓa da hannu biyu, ki miƙa gaba da sauri kamar garwashi aka ɗora a kai. Kina zaton ba wanda ya lura? Ni da nake dawowa daga bencin baya da kofi ɗaya cike, in zubar da shi, zuciyata ta bi shi!

Da na ce ina son ki da aure, kika ce ke da kika yaga rigar auren 'yar'uwarki ba ki isa ki sa taki ba. Na ci gaba da jira. Mamata har tsokanata take yi, wai da wannan haƙurin nawa a ƙofar gidan mutane zan yi furfura.

Sai ga Lahadi. Ana cikin waƙa yayarki ta taso daga cikin mawaƙa, ta ratsa tsakiyar majami'a, kowa na bin ta da ido, ta zauna dab da ke. Ta karɓi farantin a hannuna ta riƙe a gabanki. Kika kau da kai. Ba ta motsa ba. Waƙa ta ƙare, mai kiɗa ya rasa abin yi ya sake ta daga farko, dattijon da ke bayana yana ta gyaran murya. Kofunan suka fara rawa a hannunta. Na ji ta da kunnena, can ƙasa-ƙasa: "Auta, ɗauka mana, hannuna ya gaji. Ba jinina ba ne da zan hana ki."

Kika ɗauka.

Wayyo, hasken raina! Tsigar jikina ta tashi, na ji kamar an yaye rufin majami'ar. Wane irin Allah ne wannan, da zai aiko gafararsa ta hannun wadda aka cuta? Wace irin ƙauna ce ta sa Yesu ya hau gicciye domin masu harshe irin namu? Na taɓa ganin kogi ya cika ya kwashe juji guda bai bar ko tsinke ba, amma ban taɓa ganin wanki irin wanda na gani a fuskarki ba. Hawaye na zuba, ke kuwa kina haske kamar sama bayan an ɗauke ruwa!

Ban ce komai ya koma yadda yake ba. Mutumin da ya fasa auren yayarki ya auri wata, ita kuma ta sha kukan da ba mai mayar mata. Shi ya sa abin ya fi ƙarfin kaina. A bakin ƙofa ma sai da ta harare ni ta ce, "Kai kuma mai faci, me kake jira? So kake gidanmu ya yi asarar biki biyu?"

To, furen zuciyata, Ubangiji ya yafe, wadda kika ɓata wa ta yafe. Wace kotu ce kuma ta rage, in ba wadda kika kafa wa kanki ba? Ni ma ba tsarkakakke ba ne, jinƙan da ya ɗauke ki shi ya ɗauke ni. Ki ba ni izini in tura kawuna wurin Babanki. Ki biyo ta rumfata ki ce min "to", ko kai kawai ki gyaɗa, zan gane.

Ba zan taɓa yi miki gori da abin da Allah ya binne ba, ko cikin faɗa, ko cikin wasa.

Naki ni kaɗai, a lafiya da ciwo, har mu tsaya tare gaban Wanda ya yafe mana.