Na Goge Muryar Surukina da Toka

Gwaggo Inno, don Allah ki taimake ni. Kwana tara ke nan na kasa haɗa ido da yayar mijina.

Ni 'yar Sakajiki ce, aure ya kawo ni Ƙaura Namoda. Tun da aka rufe gidajen kallo da zuwan Shari'a, maigida ya sayo mana na'ura muke kallo a gida. Yayarsa, Yaya Hindu, tana da faifan bidiyon walimar auren 'yarta. A ciki akwai surukina, marigayi Baba Maccido, yana addu'a yana kiran 'ya'yansa da sunayensu. Nan kaɗai muryarsa ta rage. Ni ban same shi da rai ba, shi ya sa na roƙe ta aro. Daga ƙasan akwati ta ciro shi, naɗe cikin ɗankwali.

Da na sa shi, daidai wurin addu'ar sai ya riƙa tsayawa. Na duba na ga shatin yatsu da 'yan zane-zane. Gwaggo, mu a gidanmu duk abin da ya dusashe toka ake sa masa. Na samo toka da soso na dirje shi kamar faranti, har ina yaba wa kaina. Yanzu ko hoto ɗaya ba ya fitowa.

Da Yaya Hindu ta tambaya, na ce na'urarmu ce ta lalace da faifan a ciki. Maigida ma bai sani ba, kullum yana kan hanyar Shinkafi da motarsa ta haya. Ga shi ƙaninsu Magaji zai dawo daga Nijar da Sallah. Bai samu jana'izar Baba ba, kuma Yaya Hindu ta yi masa alkawarin zai ji Baba ya kira sunansa. Wallahi kunya kamar in nutse. In ce ya ɓace ne?

Mai Toka, Ƙaura Namoda

*

'Yata Mai Toka,

Kada ki ce ya ɓace. Kuma kada ki ƙara taɓa shi da komai, ko man goge baki da wasu za su ce ki gwada. Faifai ba ya son ƙwazon mata irinki.

Tokar kuskure ce, da kyakkyawar niyya kika yi. Ita ma Hindu da ta sa an kwafi na biyu tun farko, da ba mu zo nan ba. Ƙaryar kuwa taki ce ke kaɗai.

Masu kwamfuta a Gusau kan ceto wani abu daga faifan da ya karce, amma ban yi miki alkawari ba. Hanyar da na fi sa rai da ita daban ce. Masu ɗaukar biki a kaset suke ɗauka kafin su juye a faifai. Wasunsu kan ajiye kaset ɗin, sai in sun matsu su ɗauki wani bikin a kansa. Wa ya san wanda ya ɗauki walimar nan? Hindu.

Kin ga ke nan, shirunki ne ya tsare hanya. Ki faɗa wa maigidanki, ku je wurinta tare. Za ta yi faɗa, ƙila ta yi kuka, ki haƙura ki saurara. In an dace, a kwafi uku, a raba gida uku.

Lokacin bukukuwa ne, 'yata. Ki ɗauki mayafinki yau, kafin a ɗauki auren wasu a kan addu'ar Baba. Allah ya jiƙansa, ya sa Magaji ya ji sunansa.

Gwaggonki Inno